Daren da Auta Ya Amsa Laifin Sata

Ƙanena bai iya ƙarya ba. Ba wai ya fi kowa tsoron Allah ba ne, yadda ake ƙulla ta ne bai sani ba. Amma a wani dare cikin goman ƙarshe na azumi, shekara uku ke nan, ya dangwala babban yatsansa a takardar da ta ce shi ɓarawon waya ne, wai kuma da bakinsa ya amsa.

Auta muke ce masa, shi kuma Adda yake ce mini. Shekara 11 na ba shi, kuma a bayana ya girma, don lokacin Inna na fama da kaskon ƙosai tun asuba. A cikin garin Bauchi aka haife mu, a nan nake koyarwa a wata firamare, kuma gida na dawo da zama bayan mutuwar aurena. Auta ya kai shekara biyar bai ce uffan ba. Aikinsa jera marafan kwalba a tsakar gida, layi ɗaya ɗoɗar, wanda ya gusar da ɗaya ya ɗebo ruwan dafa kansa. In maƙwabta suka tayar da injin markaɗe sai ya toshe kunnuwa yana buga goshi da bango. Babu sunan da ba a raɗa masa ba: ɗan ruwa, mai iska, wanda aka yi wa sammu tun a ciki. Ya sha rubutu, ya shaƙi hayaƙi, marigayi Baba har gonarsa ta hanyar Dass ya sayar a kan neman magani.

Yana da shekara 12 wata likita a asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ta zaunar da mu ta ce sunan abin otizim. A rediyo galahanga ake cewa, amma galahanga buhu ne da Bahaushe ke jefa duk yaron da ya kasa gane kansa. Ta ce ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne, ba kuma laifin Inna ba ne. Haka Allah Ya tsara ƙwaƙwalwarsa, babu ƙwayar da za ta sauya shi, sai dai mu koyi hanyarsa, shi ma a koya masa tamu daidai gwargwado. Daga baya na ga ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na wancan lokacin cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 haka yake. Na tuna yawan ɗaliban makarantarmu, na yi lissafi, na yi shiru.

Da magana ta zo masa, ba irin tamu ba ce. Abin da ka faɗa shi zai mayar maka, musamman wutsiyar maganar. "Auta, za ka ci tuwo?" Sai ya ce, "Za ka ci tuwo." Mu mun san amsar ba a bakin take ba: in yana so zai miƙo hannu, in ba ya so zai juya ƙeya. In hankalinsa a kwance yake yakan haɗa kalma uku ko huɗu nasa na kansa. In ya tsorata kuwa, su ma guduwa suke yi, ba abin da ke saura sai maimaici da dariya. Wannan dariyar ta jawo masa mari tun yana ƙarami fiye da komai. Lambobi kuma Allah Ya hore masa, zai faɗa maka lambar Keke Napep ɗin da ya kawo mu daga kasuwar Muda Lawal makon jiya. Wani mai gyaran waya a bakin Kasuwar Wunti ya saba da shi, ya ba shi matattun wayoyi uku, ba batir ba layi, kuma su ne dukiyarsa. Da su yake kwana, da su yake tashi.

Sai in faɗi laifina kafin in faɗi na wasu. Mun ɓoye Auta. Ba ɗaki muka kulle shi ba, sunan abin muka ɓoye. In an tambaya sai mu ce miskili ne, haka yake. Inna na tsoron a ce gidanmu akwai taɓin hankali, maneman ƙannena mata su janye. Ni da na yi boko, na san sunan, na ji bayanin likita da kunnena, ni ma na bi sahu. Mai unguwarmu bai sani ba, 'yan kwamitin da ke gadin layinmu ba su sani ba, balle 'yan sanda.

Kullum bayan isha'i Auta kan taka zuwa shataletalen Wunti ya tsaya yana ƙirga kekuna, ƙarfe tara ya dawo, ba ya ƙara minti. Azumi ne ke birkita masa lissafi, don gidan ba ya kwana a lokacinsa. A daren nan ni da Inna muka tafi tahajjudi muka bar shi yana barci. Ashe ya farka ya ga ba kowa, ya ɗauka lokacin fitarsa ne, ya sa takalmi ya kama hanya wajen ƙarfe biyu. A kwanakin kuwa ana ta kukan 'yan sara-suka na tare masu zuwa masallaci suna ƙwace waya, an ƙara sintiri a ko'ina. Ba zan ga laifin sintirin ba, mu da kanmu muka yi ta roƙon a ƙara shi.

Abin da ya faru a titi, mai shayin da ke kusa ne ya ba ni labari daga baya. Mota ta tsaya, aka saki jiniya, aka dalle masa tocila a ido, mutum uku suka daka tsawa lokaci guda. Wanda injin markaɗe ke sa shi buga kai da bango, ina ga jiniya a kan kunnensa? Ya toshe kunnuwa ya zura da gudu. Gudu kuwa a wajen ɗan sanda shaida ce. Suka cim masa a bakin kwata, suka danne shi, shi da ko Inna ba ta taɓa jikinsa sai ta sanar da shi tukuna. Ya yi ta fizge-fizge, ya ciji hannun ɗaya. Aka laluba aljihu, sai ga wayoyin nan nasa. Mai shayin ya ce ya san fuskar yaron, amma me zai ce? Bai san sunansa ba, bai san gidansu ba, bai san abin da ke damunsa ba. Mu muka hana shi sani.

Muna ɗora ruwan sahur na leƙa ɗakinsa na ga tabarma wayam. Ban gama salati ba wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Muryar wani dattijo ce, Hausarsa ta bariki. Ya ce, "Malama, kina da ɗa ko ƙane da ba ya magana sosai?" Ban san lokacin da na zura hijabi a bai-bai ba. Na buga wa Kawu ƙofa, ya tayar da mashin ɗinsa, muka nufi ofishin da aka kwatanta mana.

A bayan kanta na same shi, a ƙasa, da ankwa, leɓensa a fashe, takalmi ƙafa ɗaya. Yana ta rausaya gaba da baya yana karanto lambobi, yana dariyar nan tasa. Duk jikina ya so in rungume shi, amma na san in na yi haka na ƙara masa wuta. Na durƙusa nesa kaɗan, na kifa tafin hannuna a siminti yadda muke yi a gida, na ce, "Auta, Adda ce. Ƙirga." Ya fara daga ɗaya. Sai da ya kai wajen 60 rausayar ta ragu.

Dattijon da ya kira ni saje ne, mutumin Billiri, saura masa kaɗan ya cika shekara 35 ɗinsa na aiki ya yi ritaya. Shi ke kan kanta a daren. Ya ce tun da aka shigo da yaron yake jin yana zubo lambobi, na mota da na keke, amma a tsakiyarsu akwai wata mai guda 11 da ke farawa da sifili, kuma ita yake ta komawa. Sai ya rage ƙarar rediyonsa, ya ɗauki biro ya rubuta ta a bayan hannunsa, ya buga da wayarsa ta kansa. Ya ce mini, "Malama, na tsufa ina ganin 'yan ƙwaya. Ɗan ƙwaya idonsa ke tona shi. Wannan yaron ba buguwa ya yi ba, tsoro ne. Ina da ƙanwa kurma a gida, na san mutumin da maganarsa ta maƙale." Har yau ina sa shi a addu'a.

Amma wanda ke riƙe da maganar, wani matashi, ya ce aikin gama ya gama, yaro ya amsa. Ya nuna mini takarda da Turanci, da tambarin yatsan Auta a ƙasa. Na tambaye shi, "Yallaɓai, yaya ka tambaye shi?" Ya ce, "Ce masa na yi, ka saci waya? Ya ce, ka saci waya. Ni yake mayar wa magana, yana dariya! Na ce wayoyin nan na sata ne? Ya ce na sata ne." Ga shi nan kuwa, "na sata ne", an juya shi zuwa Turanci ya zama iƙirari.

A nan na gane wani abu da takardun Turawa kan otizim ba su faɗa mini ba. Su kullum kukansu shi ne ɗan sanda zai zargi wanda ya ƙi kallonsa ido cikin ido. Mu a nan sunkuyar da kai ladabi ne, ba wanda zai mari yaro don ya kalli ƙasa. Abin da ke hura wutar a wajenmu shi ne babba ya yi magana ka mayar masa da ita, ka ƙi rusunawa, ka kuma yi dariya. Wannan sunansa raini, kuma ɗan sanda zai iya yafe maka sata bai yafe maka raini ba.

Muka zauna a benci har gari ya waye, ko ruwa ban kurɓa ba na ɗauki azumin. Wajen ƙarfe tara DPO, wato shugaban ofishin, ya iso, sajen ya shigar da mu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, abin da na shekara goma ina rufewa na zazzage shi a gaban baƙi cikin minti biyar. DPO ya saurara, amma na ga takardar ta fi ni nauyi a idonsa. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in yi masa tambaya a gabanka." Ya ɗaga kai.

Na ce, "Auta, kai ne gwamnan Bauchi?"

Ya ce, "Gwamnan Bauchi."

"Kai ka sace giwayen Yankari?"

"Giwayen Yankari."

"E ko a'a?"

"A'a."

"A'a ko e?"

"E."

DPO ya fashe da dariya, sai kuma dariyar ta tsaya masa a wuya. Ya ɗauki takardar ya sake karantawa, ya dubi matashin nan bai ce masa komai ba. Kawu ya je ya ɗauko mai gyaran waya, ya ɓalle bayan wayoyin a kan tebur, ko batir babu, ɗaya ma ba ta da allon ciki. Biyu ne a wurin, ta ukun ta faɗi a wajen kokawa. Kafin azahar aka sake shi. A bango an rubuta cewa beli kyauta ne. Na dai ga Kawu ya zagaya bayan gini da wani, ya dawo yana gyara aljihu, ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba.

Wata huɗu Auta bai leƙa ƙofar gida ba. Ya koma fitsarin kwance, kalmomin nan nasa uku-huɗu suka ɓace, ko motar asibiti ta wuce sai ya shige ƙarƙashin gadon Inna. Ni kuma fushi nake ci, fushi nake sha. Mijin wata abokiyar aikina lauya ne, na kai masa kukana ina son a yi ƙara. Ya buɗe mini dokar 'yan sanda ta 2020, wadda ta ce in an kama mutum a sanar da danginsa ba tare da ya biya ko kwabo ba, kuma ana iya ɗaukar jawabinsa a gaban lauya ko wani mutum da shi ya zaɓa. Ya nuna mini dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, mai tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, da hukumar da aka kafa musu a 2020. Na ce to duk na ji, amma "wanda ya zaɓa" fa? Wa zai tambayi Auta ya zaɓa? In ka ce masa "lauya ko Adda?" zai ce Adda, in ka ce "Adda ko lauya?" zai ce lauya. Lauyan ya ce a Ingila tun dokarsu ta 1984 ba a bar wa wanda aka kama wannan nauyin ba, 'yan sandan ne aka ɗora wa su nemo wani baligi ya zauna da yaro ko mai rauni irin wannan kafin a yi masa tambayoyi. Ya kuma faɗa mini gaskiya: in na shiga kotu zan shekara ina sintiri, kuma Auta ne za a riƙa jan sa gaban baƙi. Na haƙura da ƙara, ba don na huce ba.

A intanet na ci karo da labarin jihar Konetikat ta Amurka, inda tun 2020 ake bai wa direbobi masu otizim shuɗin ambulan su zuba takardun mota, a bayansa an rubuta wa ɗan sanda yadda zai yi musu magana. Auta ba ya tuƙi, amma dabarar ta zauna mini. Na je shagon masu kwamfuta aka buga mini kati, Hausa a gaba Turanci a baya, aka lulluɓe shi da roba. Abin da ke ciki kaɗan ne: ina da otizim, ba na jure ƙara da taɓi, ina maimaita abin da aka faɗa mini, ba raini ba ne, a kira yayata a wannan lamba. Inna ta yi tsalle ta dire. Ta ce, "Yanzu ɗan nawa za ki rataya wa allo kamar ragon kasuwa?" Ba ta rasa hujja ba, don lambata na yawo a wuyansa, kowane ɗan damfara na iya karantawa. Na so in sa masa a aljihu, sai sajen nan, da na je yi masa godiya, ya ce kul. Ya ce mutum ya zura hannu a aljihu cikin duhu gaban mai bindiga, ai ya gama yawo. Dole a wuya, a saman riga. Da na maimaita wa Inna wannan maganar, ita da kanta ta kitsa igiyar.

Katin ma bai kai zagayen da na yi da ƙafata amfani ba. Na je wurin mai unguwa, na je wurin 'yan kwamiti, na je wurin mai shayi da masu kekunan da ke tsayawa a Wunti, na faɗa musu sunan abin da bakina. Ba wanda ya guje mu. Ƙanwata ta yi aurenta lafiya. Mata biyu a layinmu suka biyo ni gida a ɓoye, kowacce da nata a ɗaki.

A wani taron ranar masu buƙata ta musamman, 3 ga Disamba, na zauna kusa da wani tela kurma, tafinta na tsakaninmu. Da ya ji labarina sai ya haɗa hannuwansa a baya ya dube ni. Tafintan ya ce yana nufin ranar da aka sa masa ankwa ta baya, bakinsa aka ɗaure, don da hannu yake magana. An yi ta ce masa "tsaya" daga baya bai ji ba, sai duka ya ji. Ban taɓa kawo wannan a raina ba, ni da nake ganin na fi kowa sanin zafin abin.

DPO ɗin ya ba ni minti goma a faretinsu na safe, na zo da Auta da rana tsaka ba jiniya, ya ga mota a tsaye, ya karanta lambarta, suka ga fuskarsa. Na roƙe su abin da bai fi ƙarfinsu ba: a kashe jiniya, a sauke tocila daga ido, mutum ɗaya ya yi magana, a taƙaice, sannan ya ƙirga goma a zuci kafin ya sake. Kada a yi tambayar e ko a'a, a ce "nuna mini gidanku", ko a miƙa biro da takarda. Wani kurtu ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ƙarfe biyun dare, mutum ya ruga, ta yaya zan san irin ƙanenki ne ba mai wuƙa ba? Abokin aikina a haka aka farke masa ciki." Na rasa ta cewa, don gaskiyarsa ce. Abin da na iya ce masa shi ne, a lokacin gudu ba zai sani ba. Amma bayan an kama shi, an laluba ba makami, an kai shi bayan kanta, ai babu sauran gaggawa. A nan ne aka cuci Auta, a kan tebur, da biro.

Sajen ya yi ritaya ya koma Billiri. An yi wa DPO ɗin canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ma an ɗauke shi, kuma ba a bar wa na bayansu ko layi ɗaya a rubuce game da Auta ba. Sau uku ke nan ina sake gabatar da shi daga farko, ranar Litinin mai zuwa zan yi na huɗu, na riga na nemi izini wurin hedimasta. Ya koma zuwa Wunti, amma yanzu da la'asar, kuma ɗan Kawu na biye da shi daga nesa. Mai gyaran waya ya ba shi wata a madadin wadda ta ɓata, ya ƙi karɓa. Duk sanda suka zo bakin kwatar nan sai ya tsaya ya leƙa, ya taɓa aljihunsa, ya ce, "Uku."